RIGIMAR TUDUN RAGE GUDU A ƘAUYUKANMU NA BAKIN TITI

Jawabin da jami'inmu na raya karkara ya yi a taron kwamitocin raya ƙauyuka. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Na san waɗansunku sun bar aiki a gona, waɗansu kuma tun da asuba suka hau acaɓa domin su iso nan, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana a kan wani abu da ya raba kan mutane a ƙauyukanmu na bakin titi, wato tudun nan da ake yi a gicciye a kan kwalta domin mota ta rage gudu. Abin kamar wasa ne, amma na san garin da maƙwabta biyu suka daina gaisawa a kansa, na kuma san inda taron raya gari ya tashi baram-baram saboda shi. Ni yaro ne a gaban yawancinku, ban zo in yanke wa kowa shari'a ba. Sai dai aikina yana kai ni ƙauyuka da yawa a kan babur. Na hau waɗannan tuddai har bayana ya san su, na kuma zauna a gidan makokin da ya sa aka gina waɗansunsu. Bari in fara daga nan.

Shekarun baya mun taimaka wa wani ƙauye da rijiyar burtsatse. Ba zan faɗi sunansa ba. Masu auna ƙasa suka ce ruwa ya fi kusa a hayin titi, gidajen mutane kuwa suna wannan gefe. A lokacin titin duk ramuka ne, mota ba ta iya gudu ko direba yana so. Muka haƙa rijiya a hayi, aka yi bikin buɗewa, kowa ya yi murna. Ni ne na cika takardun aikin, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina wa zai riƙa ɗebo ruwan nan ba, ta ina kuma zai bi. Bayan shekara biyu gwamnati ta gyara titin, aka shimfiɗa sabuwar kwalta sumul. Ashe ramukan nan da muke zagi su ne birkin garin. Wata safiya wata yarinya 'yar firamare ta ɗauko ruwa a ka, tana cikin ƙetarewa mota ta kaɗe ta. Ba ta kai asibiti ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Matasa suka tare hanya da itatuwa, da ƙyar dattawa suka ceci direban. Da dare ya yi aka fito da diga da shebur da baro, aka jibga jar ƙasa da duwatsu a kan kwalta wuri-wuri, tun daga shiga gari har fita. Babu fenti, babu allo, kowane tudu ya kai gwiwar ƙaramin yaro. Ba a yi wata biyu ba wani ɗan acaɓa ya ɗauko wata mata da dare daga kasuwa, fitilarsa ba ta da ƙarfi, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Matar ta karye a kwatangwalo, har yau da sanda take tafiya. Ɗan acaɓan nan ɗan garin ne, yana ma cikin waɗanda suka tura baro a wancan dare.

Daga nan gari ya rabu biyu, siyasa kuma ta shigo, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kansila ya zo gaisuwar makoki ya yi alkawarin siminti domin a mayar da tuddan na dindindin. Mai neman kujerarsa ya bi tasha yana gaya wa direbobi cewa shi zai kwashe su. Wata rana katafila ta zo ta share su, matasa suka ce ai don mazaɓarmu ba ta zaɓi ciyaman ba ne, suka sāke ginawa da dare. Aka kai matsayin da in ka ce a cire tudu an san jam'iyyarka, in ka ce a bar shi ma an san jam'iyyarka. A duk gardamar nan ban ji wanda ya ƙara ambaton rijiya ba.

'Yan'uwa, masu cewa a yi tudu suna da gaskiya, kuma ina so mu san girman gaskiyarsu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a kowace daƙiƙa, wato kafin ka ƙirga ɗaya. Mai gudun 80 tana cin mita 22. Direba mutum ne, sai idonsa ya ga yaro, hankalinsa ya gane, sannan ƙafarsa ta kai ga birki, kuma duk wannan lokaci motar tana tafiya. Lissafin da ake koya wa direbobi a Ingila ya nuna ƙaramar mota mai gudun kusan 50 tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya cak, mai gudun 80 kuwa mita 53, wato rabin filin ƙwallo. Wannan fa a busasshen titi ne, da taya mai kyau da birki mai kyau. Ku auna da tirela mai ɗauke da siminti, ko motar haya da tayarta ta suɗe kamar tafin hannu. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne.

A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da babban rahoto a kan haɗarin hanya. A ciki ta ce idan mota mai gudun kilomita 30 ko ƙasa da haka ta kaɗe mutum goma masu tafiya a ƙasa, tara za su rayu, amma a gudun 45 ko rabi ba za su rayu ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna waɗannan alƙaluma sun ɗan yi tsauri, amma bai canza ainihin maganar ba: ɗan ƙarin gudu kaɗan yana kawo mutuwa mai yawa. Rahoton hukumar na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya, kuma babu abin da yake kashe masu shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya. Ƙaramin yaro kuwa ba ya iya auna gudun mota da ido kamar babba, ga shi gajere, direba ba ya hango shi a bayan motar da ta tsaya a gefe.

Dokar hanya ta ƙasarmu ta ce a cikin gari kada ƙaramar mota ko bas ko babur su wuce kilomita 50, tanka da tirela kuma 45. To wa yake bin wannan a ƙauyenku? Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ba za su kwana a kowane ƙauye ba. Allo direba yana iya ƙin karantawa. Tudu kuwa ba ya barci, ba ya karɓar na goro. Shi ya sa uwar da ta rasa ɗa ba ta son jin wata magana sai tudu, kuma ni ba zan ga laifinta ba.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu cewa a cire su ma ba mugaye ba ne, kuma yawancinsu 'ya'yanmu ne, tare muke sujada da su ran Lahadi. Ku tambayi direban a-kori-kura nawa yake kai wa bakanike a wata saboda salansa da ƙasan mota. Ku tambayi mai kai ƙwai ko tumatir birni. Ku tambayi ungozoma yadda take ji in ta ɗauko mace mai naƙuda da jini yana zuba, mota tana hawa tudu tana sauka sau ashirin kafin asibiti. Direbobin dare suna cewa inda mota take dole ta tsaya a bakin daji, nan 'yan fashi da masu satar mutane suke jira. Akwai kuma tudun da aka yi a ƙarshen gangara. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da tirela take yi in birkinta ya tsinke a gangara. In ka sa tudu a irin wannan wuri, ka jera mata ƙananan motoci ne a gabanta.

Bari kuma in faɗi wadda ba a so a ji, ku yi mini haƙuri. Ba kowane tudu ne aka yi domin yara ba. Waɗansu domin kasuwa aka yi su, mota ta rage gudu a sayi doya da masara da lemo. Na kuma ga inda samari suka tsaya a kan tudu da shebur a hannu suna karɓar kuɗi wai na gyara. Direban da ya ga wannan ba zai ƙara yarda da mu ba ran da muka ce masa don 'ya'yanmu muka yi.

Wannan gardama ba a ƙauye kaɗai take ba, ta kai Abuja. A 2017 Sanata Barnabas Gemade na jihar Binuwai ya kawo ƙudiri, Majalisar Dattawa kuma ta bukaci ma'aikatar ayyuka ta cire tuddan da aka yi barkatai a manyan hanyoyin tarayya. A ƙarshen 2024 ministan ayyuka David Umahi ya sāke ba da umarnin a rushe su, ya ce duk inda ake bukatar tudu sai a nemi izinin ma'aikatar. Abin da wannan yake nuna mana shi ne, tudun da muka yi da dare ba tare da takarda ba, ko mun zuba masa siminti buhu ɗari, katafila tana iya zuwa ta kwashe shi da safe, kuma doka tana bayanta. Kuɗin da aka tara hannun gwauraye da masu sayar da itace ya tafi a banza.

Saboda haka tambaya ta fari da kowane kwamiti zai yi ita ce, titin nan na wane ne? Hanyoyin ƙasarmu kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. In na tarayya ne, maganar tana hannun ma'aikatar ayyuka ta tarayya, wadda take da ofishi a babban birnin kowace jiha, tare da FERMA mai gyaran hanyoyin. In na jiha ne, ma'aikatar ayyuka ta jiha. Kansila ba shi da ikon ba ku izinin taɓa titin tarayya, ciyaman ma ba shi da shi. Wanda ya tsaya a filin kamfe ya ce zai yi muku tudu a titin da ba nasa ba, ya yi muku alkawari ne da akuyar maƙwabci.

Amma kada ku saki kansila, domin akwai abin da yake hannunsa. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, da ƙananan hanyoyi, da fitilun titi, da lambatu. To kasuwar da ta cinye kafaɗar titi har masu saye suna tsayawa a kan kwalta, ta wa ce? Motocin hayan da suke lodi a kan kwana, wa zai ba su fili? Wannan aikin ƙaramar hukuma ne, ko da titin na tarayya ne. Shi ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu, kowace jam'iyya suke. Kuma kansila yana iya sa hannu a takardar kokenmu, ya raka dagaci ya kai ta inda ya kamata, ya koma ya bi sawunta. Wannan ya fi mana buhun siminti amfani.

Yanzu bari in gaya muku yadda tudun kirki yake, domin yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Irin wanda injiniyoyi suka gwada a Ingila tun wajen 1973, ƙasashe da yawa kuma suka ɗauka, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, wato kamar faɗin tafin hannu. Amma shimfiɗarsa, daga inda taya take fara hawa zuwa inda take sauka, ta kai mita 3.7, kusan taku huɗu na babban mutum. Namu kuwa akasin haka muke yi, ga tsayi ga ƙunci, kamar kunyar doya. Mai shimfiɗar nan, in ka hau shi a hankali ba ka jin komai, mai ciki ma ba ta wahala, ƙasan mota ba ya taɓawa. In ka zo da gudu ne yake jefa ka sama. Wato yana horon mai gudu, yana barin mai hankali. Namu kuwa kowa yake horo, har wanda bai yi laifi ba. Sai an shafa masa fenti mai haske da dare, a kafa allo tun da nisa daga kowane gefe, a bar wa ruwa hanya kada ya taru ya ci kwalta. Ba a yin sa a kan kwana, ko a ƙarshen gangara, ko a wajen gari inda babu mutane. Fenti kuma yana gogewa, saboda haka tun ranar fari a san wanda zai riƙa sabunta shi.

A babban titi da tireloli suke bi, sau da yawa ba tudu ne ma ya dace ba, sai waɗansu 'yan siraran layuka da ake jerawa a kan kwalta. Ba sa tsayar da mota, amma suna sa ta karkarwa da ƙara har direban da yake gyangyaɗi ya farka ya san ya shigo gari. Kada ku ce wannan dabarar Turawa ce da ba za ta yi a wurinmu ba. Maƙwabtanmu na Ghana sun gwada ta a mahaɗar Suhum, a babban titin Accra zuwa Kumasi, wurin da ya yi suna wajen cin rayuka. Tsakanin Janairu 2000 da Afrilu 2001 haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace kuma da kusan kashi 55. Kuɗin aikin bai kai dala 21,000 ba, alhali sāke fasalin mahaɗar zai ci fiye da dala 100,000. In kun je gaban injiniya ku ambaci wannan, zai san kun yi shiri.

Kada kuma ku ce wa zai saurari ƙauye. A ƙasar Holan yara fiye da 400 suka mutu a kan hanya a shekarar 1971 kaɗai. Iyaye suka tashi, suka yi ta matsa wa 'yan majalisunsu shekara da shekaru, har a 1976 gwamnati ta kafa ƙa'idar unguwannin da dole mota ta bi a hankali kamar mai tafiya a ƙasa. Fushinsu bai fi namu ba. Bambancin shi ne nasu bai ƙare a dare ɗaya ba, sun bi shi har ya zama doka.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar izinin kowa, kuma a ganina nan ne ya kamata mu fara. Mu tambayi kanmu me yake sa mutanenmu ƙetare titi. A ƙauyen da na ba ku labari, bayan an gaji da faɗa, wata tsohuwa ce ta zumuntar mata ta tashi a taro ta ce, ita ba ta san tudu ba, ruwa ta sani, a kawo mata ruwa gefen gidanta. Kunya ta kama ni. Da izinin masu titin muka bi da bututu ta cikin kwalbati, aka kafa tanki a gefen gidaje. Yaran da suke ƙetarewa safe da yamma suka daina. Haka nan ƙofar makaranta ko ta majami'a da take fuskantar kwalta, ana iya toshe ta a buɗe wata ta gefe. Ana iya sare ciyawar da ta rufe kwana. Masu shanya rogo da barkono a kafaɗar titi a nema musu wani wuri, domin su ne suke tura mai tafiya a ƙasa ya hau kwalta. Dattijo ɗaya ko matashi ɗaya da jan ƙyalle a hannu yana iya tsayawa lokacin tashin makaranta da lokacin fitowa daga sujada ya ƙetarar da yara a wuri ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da masu aikin sa kai, kuma jami'anta sukan je makarantu su koyar in an gayyace su. Lambarta ta gaggawa 122 ce, kowa ya sa ta a wayarsa.

In kun zauna rubuta takardar koke, ina roƙonku kada ku zauna ku kaɗai. Ku kira shugaban direbobi na tasha, da shugaban 'yan acaɓa, da ma'aikaciyar asibiti, da shugaban makaranta. Ku kira 'yan'uwanmu Musulmi da Fulanin da suke ƙetarar da shanu, gama mota ba ta tambayar addinin wanda za ta kaɗe. Direban da aka tambaye shi inda ya dace a sa tudu, shi ne zai fara gaya wa abokansa su rage gudu a wurin. Kuma takardar da take ɗauke da hannun direbobi da na iyaye tare, ba wanda zai iya cewa ta wata jam'iyya ce. A cikinta ku rubuta abin da ya faru, da ranar, da wurin, da lokacin, ba zagi, ba ƙari. Ku riƙe kwafi, ku sa a buga muku hatimi cewa an karɓa.

Iyayenmu dagatai, ku ne kuke da aiki mafi wuya, domin ranar da aka kaɗe yaro ba ranar da matasa suke jin magana ba ce. Shi ya sa nake roƙo a yi wannan shawara yanzu da hankali yake kwance, a san tun yau wanda zai kira 122, wanda zai kai direba hannun hukuma lafiya, da wanda zai hana a fito da diga.

Lahadi ta uku ga watan Nuwamba ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita tun 2005 domin tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya ci. Ina so kafin wannan rana kowane kwamiti ya sa mutum biyu su zauna a bakin titi kwana uku, ɗaya ranar kasuwa, ɗaya ranar makaranta, ɗaya Lahadi, da littafi da biro. Su rubuta inda mutane suka fi ƙetarewa, da ƙarfe nawa, da abin da suke zuwa nema a hayi. Ku kawo mini littafin a ofis, ko ku ba wa mai bishararku ya kawo, mu zauna tare mu rubuta takardar. Wanda yake da tambaya ina nan har a gama cin abinci.